Gero, Saiwarsa da Ƙuduji: Yadda Tsiro Ke Ci da Sha

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakunan noma, malaman gona, malaman makaranta da ɗalibansu, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa. 

An ce in yi magana kan ilimin tsirrai, wato sassan jikin tsiro da aikin da kowane sashe ke yi. Da a aji muke, da sai in zana hoto a allo in ce ga saiwa, ga kara, ga ganye, ga fure, kowa ya kwafa. To amma yawancin dattawan da ke gabana sun riƙe fartanya tun ban san hagu da dama ba, ba sa bukatar in nuna musu inda ganye yake. Saboda haka zan ɗauki tambaya ɗaya wadda ke ci wa manomin hatsi tuwo a ƙwarya, daga Katsina har Maraɗi, daga Gumel har Damagaram: me ya sa gonar da ƙuduji ya kama take tsumburewa tun kafin ƙudujin ya leƙo? Wasu garuruwan wuta-wuta suke ce masa. Kafin mu kai ga amsa sai mun bi ta ganye, mu gangaro ta kara, mu shiga ƙasa.

Mu fara da tambayar da ta fi kowace sauƙi a baki. Ƙwayar gero ɗaya, wadda ba ta kai idon tsuntsu ba, a cikin wata uku ta zama kara mai tsayin da ya wuce mutum, da ganye da zangarniya. Daga ina wannan jiki ya fito? Kusan kowa zai ce daga ƙasa. Haka mutanen duniya suka ɗauka shekaru aru-aru, har wani likita mai suna Jan van Helmont, daga yankin da ake kira Beljiyam a yau, ya ce bari ya auna. Ya busar da ƙasa mai nauyin kusan kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa wani ɗan itace da bai wuce kilo biyu da ɗoriya ba. Shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya tuge shi ya ɗora a ma'auni, itacen ya kai kimanin kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya auna, abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga wannan gwaji a shekarar 1648, bayan rasuwarsa. Shi dai ya yanke hukunci cewa ruwa ne ya zama itace. Ya kama wani yanki na gaskiya, babban yankin kuma ya kuɓuce masa, domin abin da ya fi yawa a busasshen kara daga iska ya fito.

Ga yadda abin yake. A cikin ganye akwai wani koren sinadari da ake kira kulorofil, shi ne ya ba ganye launinsa. Aikinsa kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ganye ke haɗa ruwan da saiwa ta aiko da iskar kabon-dayoksaid, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ya ƙera sukari, ya saki iskar oksijin wadda mu da dabbobinmu ke shaƙa. Wani likitan, Jan Ingenhousz, shi ya nuna a 1779 cewa sai da haske wannan aiki ke yiwuwa, kuma koren sashe kaɗai ke yin sa. Da wannan sukari tsiro ke gina komai: kara, saiwa, da garin da ke cikin ƙwaya. Tuwon da kuka ci jiya da dare, asalinsa rana ce da iska da ruwa, da ɗan abin da ƙasa ta bayar. Takin da muke zubawa kuwa ba shi ne abincin ba, taimako yake yi wajen haɗa abincin, amma in babu shi aikin ya tsaya. Shi ya sa wanda ya zage ganyen dawarsa yana ba dabbobi tun zangarniya ba ta cika ba, daga rumbunsa yake yanka.

To ta ina iskar ke shiga? A fatar ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani sai da madubin kimiyya, dubbai a wurin da bai fi faɗin farce ba. Kowace ƙofa tana da ƙwayoyin halitta biyu a gefenta, in sun cika da ruwa ƙofa ta buɗe, in sun saki ta rufe. A nan tsiro ke cikin tsaka mai wuya kullum. In ya buɗe ƙofa don iska ta shigo, ruwa ya tsere ta nan a matsayin tururi. In ya rufe don ya adana ruwa, ya daina haɗa abinci. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo, ta waɗannan ƙofofi yake ficewa. Malaman firamare da ke nan, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo: ku sami farar leda ku rufe reshen darbejiya mai ganye, ku ɗaure bakin da zare, ku bar shi a rana. Kafin a tashi makaranta yara za su ga gumi ya lulluɓe cikin ledar, har ruwa ya taru a gindinta. Wannan ya fi shafi goma na rubutun allo.

Ficewar ruwan nan tana da amfaninta. Ita ce ke jan ruwa daga ƙasa zuwa sama. Tsiro ba shi da zuciyar da ke harba ruwa. Ruwa yana da ɗabi'ar riƙe junansa, saboda haka idan ɗigo ya fice daga ganye sai ya jawo na bayansa, na bayan ya jawo na bayansa, a jere ba yankewa, tun daga ƙoƙuwar giginya har ƙarshen saiwarta. Ku riƙe wannan a ranku, za mu bukace shi in mun zo kan ƙuduji.

Allah cikin hikimarsa ya ba gero, dawa, masara da rake wata dabara da shinkafa da alkama da wake ba su da ita. Suna tara iskar kabon a wasu ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin ganye, su cusa ta a can da yawa, don haka ko sun ɗan tsuke ƙofofinsu aiki na tafiya. Masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, su suka bayyana wannan hanya dalla-dalla a 1966, da bincike kan rake. Sakamakon shi ne, waɗannan tsirrai kan gina jiki da kusan rabin ruwan da alkama za ta sha, kuma zafin rana bai cika karya su ba. Shi ya sa alkamar Kadawa sai da sanyin hunturu da ban ruwa, gero kuwa yana yi a jigawa mai rairayi. Ba baƙo ba ne a wurinmu: masu tonon kayan tarihi sun sami shaidar noman gero ta kimanin shekara 4,500 a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali. Idan kuka ga ganyen masara ko dawa ya naɗe da tsakar rana lokacin da ruwa ya ɗauke, rage fuskar da rana ke duka yake yi don ya tsimi ɗan ruwan da ya rage. Wanda ya warware da yamma da sauransa. Wanda aka wayi gari yana naɗe, shi ne abin tsoro.

Mu gangaro kara. Hanyoyi biyu ne a cikinsa. Ɗaya ta ruwa ce da sinadaran ƙasa, daga saiwa zuwa sama take, ba ta juyowa. Ɗayar ta sukari ce, daga ganye take ɗauka ta kai duk inda ake bukata: saiwa, sabon toho, ko zangarniyar da ke cika. Duk wanda ya taɓa shan rake ko takanɗa ya tauna waɗannan hanyoyi, su ne zare-zaren da ke maƙale wa mutum a haƙori. A dangin hatsi suna warwatse ko'ina cikin kara. A itatuwa kuwa an raba musu wuri: hanyar ruwa tana cikin katakon, hanyar sukari tana nan dab da ƙarƙashin ɓawo. A nan zan ɗan ratse in yi kira ga masu sassaƙen magani. Ku dubi maɗatan da ke bakin hanyoyinmu, da yawa an zagaye su da sassaƙa har ɓawon ya haɗe. Itacen ba ya mutuwa a ranar, ganyensa na nan kore shar, domin ruwa na hawa ta cikin katako. Amma an datse wa saiwa abinci. A hankali take ƙarewa da yunwa, wata rana a ga itace ya bushe a tsaye, a ce ai tsufa ne. In ya zama dole a sassaƙa, a ɗiba a gefe ɗaya, a bar sauran ɓawon a haɗe daga sama har ƙasa.

Yanzu mun iso ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, inda kuma na fi son mu daɗe. Saiwar gero kan nutsa mita biyu ko fiye a ƙasa mai rairayi. Amma manyan saiwoyin da kuke gani in kun tuge kara ba su ne ke yawan sha ba. Masu shan su ne wasu siraran gashi da ke kusa da bakin kowace ƙaramar saiwa, farare, masu taushi, waɗanda ke mutuwa a 'yan kwanaki wasu su fito. Su ke tsinkewa in an ciro tumatir ko tattasai daga bedi, shi ya sa dashe ke yin yaushi, shi ya sa kuma 'yan lambu ke yin sa da yamma su bi da ruwa. Ruwa na shiga wannan gashi ne saboda ruwan cikin saiwa ya fi na ƙasa kauri da sinadarai. In ka zuba yuriya da yawa a gindin shuka ƙasa kuma ba laima, ka juya lissafin: na waje ya fi kauri, ruwa ya riƙa fita daga saiwa, ka ce taki ya ƙone maka shuka. Saiwa tana numfashi kuma. Masarar da ruwa ya kwanta wa kwana da kwanaki takan yi ɗorawa ta mutu, ga ruwa har wuya, don iska ta yanke mata a ƙasa.

Sannan saiwa tana aika saƙo. A ƙasa akwai wata irin funfuna mai amfani, siraran zare da ke shiga cikin saiwa su miƙa nesa inda gashin saiwa ba ya kaiwa, su kwaso sinadarin fosfaras su ba tsiro, shi kuma ya biya su da sukari. Don ya jawo su, tsiro na tsatso da wani sinadari daga saiwarsa, kaɗan ƙwarai. Masana a Japan ne suka tabbatar da wannan a 2005. Abin lura shi ne, gwargwadon yunwar fosfaras da tsiro ke ji, gwargwadon yawan sinadarin da yake fitarwa. Geron da ke gona mai taki ba ya yawan kira. Geron da ke gajiyayyiyar gona kuwa kira yake ba ƙaƙƙautawa. Matsalar ita ce ba funfuna kaɗai ke jin kiran ba.

Irin ƙuduji ƙanƙane ne kamar ƙura, bai kai rabin milimita ba. Tsiro ɗaya kan zubar da dubu 50, wani lokaci ninkin haka, kuma irin na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 da ransa. Saboda ƙanƙantarsa ba shi da guzurin da zai kai shi saman ƙasa da kansa, don haka ba ya tsira da ruwan sama kawai kamar sauran ciyayi. In damina ta sauka, ya sha laima da ɗumi na mako ɗaya zuwa biyu, sai ya zauna yana jira. Abin da yake jira shi ne wancan sinadari da saiwar gero, dawa ko masara ke fitarwa. Da ya ji shi sai ya fasa, ya miƙa 'yar saiwarsa, ya manne a jikin saiwar hatsi, ya yi wani ɗan kumburi, ya huda ya shiga har ya haɗa hanyar ruwansa da hanyar ruwan mai gida. In bai sami saiwar da zai kama ba cikin 'yan kwanaki, ya mutu.

Daga ranar da ya manne, yakan yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa, fari fat, ba ganye kore ko ɗaya, komai nasa daga jikin gero. A wannan lokaci ne ake yin ɓarnar. Manomi na ganin shuka ta ƙi tsayi, ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa yana ƙonewa ta baki kamar an yi fari, alhali ana ruwa. Bincike ya nuna illar ta wuce abin da ya sata, domin yana dagula wa hatsin tsarin girma, kara ya tsumbure, aikin ganye ya ragu. In kuma ya fito sarari sai ya ƙara da wata illar. Kun tuna na ce ficewar ruwa daga ganye ita ke jan ruwa daga ƙasa? Ƙuduji kusan ba ya rufe ƙofofin ganyensa, ko da gero ya rufe nasa don tsimi. Saboda haka jansa ya fi na gero ƙarfi, ruwa da sinadarai su karkata wajensa. Lokacin da kuka ga furen nan mai ruwan hoda ya ƙawata gona, an riga an gama da amfanin bana. Cire shi a ranar, in don hatsin wannan shekarar ne, ihu ne bayan hari. In don baɗi da shekaru goma masu zuwa ne kuwa, babu aikin da ya fi shi.

Kun ga kenan abin da kakanninmu suka lura da shi, cewa ƙuduji ciwon matacciyar gona ne, yana da dalili a jikin tsiro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gonar da ake shuka wa gero kan gero shekara da shekaru, ana kwashe kara a kai gida, ba taki ba hutu, ita ce ke sa hatsi yawan kira, ita ce kuma ke tara irin da zai amsa.

Wannan sani shi ya ba da makamin yaƙi. A shekarun 1950 wani nau'in ƙuduji ya ɓulla a gonakin masara na jihohin Karolina a Amurka, hankalin Amurkawa ya tashi. A 1966 masanansu suka ware sinadarin da ke tayar da irin, kuma daga saiwar auduga suka same shi. Abin mamaki, auduga na tayar da irin ƙudujin hatsi amma ba ya iya rayuwa a jikinta. Ya fasa, ya nemi inda zai kama ya rasa, ya mutu. Haka waken suya, gyaɗa da wake suke yi masa. Amurkawa har iskar etilin suka riƙa dura wa ƙasa don irin ya fasa a banza. Mu ba mu da kuɗin wannan, amma muna da waken suya da gyaɗa. Duk shekarar da ka ba gona ɗayansu, ka rage irin da ke kwance ba tare da an zuba sabo ba. Sai dai a kula, wake yana da nasa nau'in ƙudujin daban wanda ke kama shi, don haka a nemi iri mai jurewa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA mai reshe a Kano sun fitar da irin wake da na masara masu jure ƙuduji. A ɓangaren dawa kuma, wani masani ɗan ƙasar Habasha, Gebisa Ejeta, ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda dawar da ya samar mai jure shi, wadda ɗaya daga cikin sirrinta shi ne saiwarta ba ta yawan fitar da sinadarin da ke tayar da irin.

Dangin wake suna da wata riba ta biyu. Gobe in Allah ya kai mu, ku tuge gyaɗa ko wake mai wata ɗaya da rabi, ku karkaɗe ƙasar a hankali. Za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa kamar ƙwayar dawa. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki: ƙwayoyin bakteriya ne a ciki suna kama naitirojin daga iska suna mayar da shi abin da tsiro zai iya amfani da shi. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu naitirojin ne, amma gero ba ya iya taɓa ko kaɗan daga ciki, sai abin da ya tarar a ƙasa. Naitirojin nan shi ne sinadarin da kuke saye da tsada a buhun yuriya. Gawo ma ɗan wannan dangi ne, ga shi yana kaɗe ganye da damina lokacin da hatsi ke son rana, shi ya sa geron gindin gawo ya fita daban. Wanda ya sare gawo a gonarsa don itacen girki, a ganina, ya yi mugun ciniki.

Ga wanda ba shi da ƙarfin buhu, masu bincike na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan taki kaɗan, kamar cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka, yana ba gero ƙarfin tashi da wuri. Ma'anar ita ce lokaci ya fi yawa muhimmanci, tunda a makonnin farko ne ake yin kiran kuma ake mannewa. Wannan magana ta shafi masu rabon taki ma. Takin da ya iso hannun manomi ana cikin marka, ƙuduji ya riga shi zuwa.

Kan fure ba zan ja ba. A zangarniyar gero, sashen mace ke fara fitowa, fararen zare masu laushi, bayan 'yan kwanaki bununi ya biyo, iska ta kwashe shi zuwa maƙwabta. Don haka gero ke gaurayuwa da na gonar kusa, kuma iskar da ke kai bununi, da ruwan da ke gangara, da kofaton shanu, da kashin dabbar da ta yi kiwo a gona mai ƙuduji, duk suna yaɗa irin ƙuduji, ba su san iyakar gona ba. Mutum ɗaya ba ya korar ƙuduji daga gari.

Roƙona ga sarakunan noma da masu unguwanni shi ne a sa rana, kamar yadda ake sa ranar gayya, a fita gaba ɗaya a tuge ƙuduji da zarar ya fara fure, kafin ya ɗaure iri. Kada a yar da shi a kan kunya ko a bakin hanya, domin wanda ya riga ya yi fure yana iya ƙarasa nunar irinsa ko bayan an tuge shi. A tara shi a rami a ƙone. Irin shukar baɗi kuma a yanke zangarniyarsa daga sama, kada a sussuke shi a ƙasan gonar da ta kamu. Malaman makaranta, ku kai yara gona ku tono musu gindin gero ɗaya da ya tsumbure, ku wanke saiwar a bokiti, su ga fararen 'ya'yan ƙuduji a manne da idonsu.